Doguwar Bindiga Ko Ƙarama: Wace Ce Ta Dace da Gidan Mai Iyali?

A watan Yunin 2022 gwamnatin Jihar Zamfara, a zamanin Gwamna Bello Matawalle, ta fitar da sanarwa tana kiran jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga domin kare kansu daga 'yan bindigar daji, har ta ce za ta raba takardun neman izini 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19 na jihar. Ba a je ko'ina ba sai rundunar 'yan sanda ta ce har yanzu akwai takunkumi a kan bayar da lasisi, shi kuma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da hurumin bayar da wannan umarni. Kafin Matawalle, Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya yi irin wannan kira a 2021, kuma tun a watan Maris na 2018 Janar T. Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce wa mutane su tashi su kare kansu. Manya sun faɗi nasu sun wuce, aka bar magidancin da ke Tsafe ko Batsari ko Sabon Birni a tsakiya, wani shugaba yana ce masa ya saya, wani kuma yana jiran ya kama shi idan ya saya.

Tun daga lokacin na lura hirar ta sauya a majalisun da nake zama. A da ana gardama ne a kan ko ya dace mutum ya ajiye bindiga a gida, yanzu kuwa mutane da yawa sun wuce wannan mataki, abin da suke tambaya shi ne wace iri: doguwa irin ta mafarauta, mai baki ɗaya ko biyu, wadda ke watsa ƙwayoyin dalma, ko kuwa ƙarama wadda ake kira fistol, da ake sokewa a ƙugu ko a tura ƙarƙashin matashin kai. Ra'ayina shi ne idan har tura ta kai bango, doguwar bindiga mai lasisi ita ce za a iya lamunta a gidan mai iyali, ƙaramar kuwa ƙofarta ta ci gaba da zama a rufe kamar yadda doka ta rufe ta. Ina kuma ganin wajibi ne gwamnatin tarayya ta buɗe hanyar samun wannan lasisi ta gaskiya, tare da gaya wa jama'a iyakar abin da bindigar gida za ta iya yi musu.

Yawancin hujjojin da matasanmu ke kawowa na fifita ƙaramar bindiga daga Amurka suka samo su ta intanet, saboda haka ya kamata a duba su a muhallinsu. A can, gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulki a 1791 ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, kuma a 2008 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke dokar birnin Washinton da ta hana ajiye fistol a gida. Alƙali Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya jero dalilan da suka sa Amurkawa suka fi son ƙaramar bindiga: tana da sauƙin ajiyewa a inda hannu zai kai da sauri, ba ta da sauƙin fizgewa daga hannun mai ita, wanda ba shi da ƙarfin ɗaga doguwa zai iya amfani da ita, sannan mutum zai iya nuna wa ɓarawo ita da hannu ɗaya yana kiran 'yan sanda da ɗaya hannun. A ɗaya ɓangaren, Joe Biden, lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa a 2013, ya shawarci jama'a su sayi doguwar bindiga mai baki biyu idan tsaron gida suke nema.

Wannan dalili na ƙarshe da alƙalin ya kawo shi ne ya fi nuna nisan da ke tsakaninmu da su. An gina shi a kan cewa akwai waya, akwai sabis, akwai wanda zai ɗauka, kuma motar 'yan sanda za ta iso cikin mintuna. Mutumin da ke ƙauyen da ofishin 'yan sanda mafi kusa yake da nisan tafiyar awa guda a kan babur, ta hanyar da su kansu jami'an tsaro ke tsoron bi da dare, ba ya cikin wannan lissafi. Haka kuma ƙasar da ake kafa hujja da ita tana biyan farashin da masu yaɗa bidiyo ba sa ambata. A 2021 mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, fiye da rabinsu kuma kansu suka harbe. Tun a 1993 wani bincike da likita Arthur Kellermann ya jagoranta ya nuna cewa gidan da ke da bindiga ya fi wanda ba shi da ita haɗarin a yi kisa a cikinsa kusan ninki uku, kuma galibi kisan daga 'yan gida ko makusanta yake fitowa. An yi ta sukar wannan bincike, amma ko mai sukarsa ba ya musanta cewa bindigar da ke kusa da hannu tana gajarta tazarar da ke tsakanin fushi da nadama.

Dokarmu ta riga ta raba gardama a kan ƙaramar bindiga, sai dai mutane kaɗan ne suka san abin da ta ce. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu take aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko shi ne haramtattu, waɗanda ba a riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu aka sa fistol da libarba tare da bindigogin soja da masu sarrafa kansu da bama-bamai. Kashi na biyu shi ne na amfanin kai, kamar doguwar bindigar farauta wadda ake ɗura wa harsashi da hannu, kuma lasisinta yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku shi ne irin su harbi-ka-ruga da sauran bindigogin toka da ake ɗurawa ta baki, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda ba ya iya riƙe kansa, da wanda kotu ta kama da laifin tayar da hankali a cikin shekaru biyar da suka wuce. Wata dokar kuma, ta fashi da makami, ta tanadi hukuncin tara ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba lasisi. Kuma tun da tsarin mulki ya sa sha'anin makamai a jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, maganar Janar Irabor daidai take ta fuskar doka, duk da cewa ba ta share hawayen kowa ba.

Ko da doka ba ta hana ba, zan ƙi ƙaramar bindiga saboda yadda gidajenmu suke. Gidan Bahaushe ba na mutum ɗaya da matarsa da kare ba ne. Akwai mata, wani lokaci biyu ko uku, akwai 'ya'ya da jikoki da 'ya'yan riƙo, akwai ƙanne samari a shagon ƙofar gida, akwai almajirin da ke shigowa ɗaukar wanke-wanke, akwai yaran maƙwabta da ke shiga kowane ɗaki ba sallama. Ba wani lungu a irin wannan gida da yaro ɗan shekara bakwai bai san shi ba, daga ƙarƙashin katifa har saman sif, kuma fistol abu ne da ya dace da tafin hannunsa, ya kuma yi kama da abin wasan da ake sayar masa ranar Sallah. Amfaninta duka yana cikin kasancewarta a ɗure kuma a kusa, haɗarinta ma a nan yake. Wanda ya kulle ta a akwati ya raba ta da harsashi ya rasa saurin da ya saye ta dominsa, wanda kuma ya bar ta a ɗure ya bar wuta a inda yara ke wasa.

Sannan ƙaramar bindiga ba ta zama a gida. Abin da ke shiga aljihu yana bin mai shi kasuwa, da gona, da wurin rabon gado, da taron siyasa, da gidan surukai ranar da aka je biko. Wanda ya saye ta don ɓarawon dare zai wayi gari tana ƙugunsa a lokacin da wani ya gogi motarsa ko ya shiga masa iyakar gona da kunya biyu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya ce duk wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada, shi ne kuma ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa, ya kuma umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni. Masu kafa hujja da hadisin farko sukan manta da sauran biyun, alhali tare suke tafiya. Kuma akwai batun ƙwarewa: fistol ita ce bindigar da ta fi wuyar saiti, domin bakinta gajere ne, ba ta da abin dogarawa a kafaɗa, ɗan karkarwar hannu kaɗan ya isa ya kai harsashi wani wuri dabam. Magidancin da bai taɓa samun filin koyo ba, aka tashe shi daga barci cikin duhu zuciyarsa na bugawa, bai kamata ya ɗauka zai yi abin da jami'in da aka horar ma yake kuskurewa ba.

Doguwar bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Na tashi na tarar da ta kakana, wanda maharbi ne, a rataye can sama a bangon turakarsa, a naɗe da tsumma mai mai, albarushinta kuma a cikin wani ɗan gwangwani da ba mu taɓa sanin inda yake ɓoye shi ba. Duk yaron gidan ya san tana nan, kuma duk yaron gidan ya san hannunsa ba zai kai ba, ko ya kai ba zai iya ɗaga ta ba. Idan zai fita da ita, kowa a unguwa yana gani, domin ba ta ɓoyuwa a cikin riga. Wannan bayyanar tata ita ce babbar falalarta a wurina: mai unguwa ya san wa ke da ita, maƙwabta sun sani, kuma mai ita ba zai iya ɗaukarta cikin fushi ya ratsa gari ba tare da wani ya tare shi ya ce, Malam, ina zuwa haka? Mai baki biyu ta zamani tana da ƙarin wata falala, wato ana karya ta a tsakiya, kowa ya ga ramukan biyu babu komai, don haka uwargida ma za ta iya tabbatarwa da idonta cewa abin da ke ɗakin mijinta ba a ɗure yake ba. Harbi biyu kawai take yi kafin a sake ɗurawa, wanda ya isa ya kori ɓarawo ya kuma tashi unguwa, amma bai isa ya mai da mutum ɗaya annoba ga jama'a ba.

Duk da haka akwai ƙaryar da ake yaɗawa a kanta wadda ya kamata a gyara. Ana cewa ba ta bukatar saiti tun da watsawa take yi. A tazarar ɗaki ko tsakar gida ƙwayoyin ba su gama buɗewa ba, kusan a dunƙule suke tafiya, saboda haka ana iya kuskure da ita, kuma abin da ta samu a wannan tazara ba ya tashi. Ƙwayoyin suna ratsa zana da danni da ƙofar langa-langa kamar babu su, bayan zanar nan kuwa ɗakin amarya ne ko makwancin yara. Wanda ya ji motsi a bayan gida ya saki wuta ta cikin ƙofa bai san wa ya harba ba. Duniya ta ga misalin haka a Afirka ta Kudu ranar 14 ga Fabrairun 2013, lokacin da ɗan tseren nan Oscar Pistorius ya yi harbi huɗu ta ƙofar banɗaki ya kashe Reeva Steenkamp, ya kuma ce wa kotu ya ɗauka ɓarawo ne. A gidajenmu mai motsin dare ya fi yiwuwa ya zama ƙanen maigida da ya dawo daga kallon ƙwallo ya tarar an rufe ƙofa ya hauro katanga, ko tsohuwa ta fito da buta. Sashe na 33 na tsarin mulki da dokar hukunta laifuffuka ta Final Kod da ake aiki da ita a Arewa sun yarda da kare kai da dukiya, amma gwargwadon barazanar da mutum ya fuskanta, kuma kotu ce za ta auna wannan gwargwado bayan an riga an yi jana'iza.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a cikin kiran da gwamnoni suka yi. Duk abin da na faɗa a sama ya shafi ɓarawo ɗaya ko biyu da suka hauro don babur ko tumaki. Abin da ke addabar Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato da Birnin Gwari wani abu ne dabam: mutane gommai a kan babura, uku-uku, riƙe da AK-47 mai cin harsashi 30, wadda ke kai wa mita ɗari uku, alhali doguwar bindigar farauta ba ta da wani tasiri bayan mita arba'in ko hamsin. Magidanci ɗaya da harbi biyu ba zai tare su ba, kuma sau da yawa labarin cewa gidan wane akwai bindiga shi ke sa a fara da gidan, tun da masu kai musu rahoto a cikin gari suke. Ce wa irin wannan mutum ya sayi bindiga ya kare kansa sauke nauyi ne daga wuyan hukuma a ɗora wa wanda ba zai iya ɗauka ba. Inda aka ga gari ya kori mahara, za a tarar mutane ne da yawa suka haɗu, suna da masu gadi a mashigai, da hanyar sanar da juna, da jami'an tsaro da suka kawo ɗauki a kan lokaci.

Haɗuwar ma idan ba ta da linzami tana da nata sharrin, kuma Zamfara ta ɗanɗana. 'Yan sa-kai sun fara ne da niyyar kare garuruwansu daga ɓarayin shanu, amma da aka bar su ba rajista ba hisabi, sai wasunsu suka koma kashe duk Bafulatanin da suka gani a kasuwa, mai laifi da marar laifi, ramuwar gayya kuma ta faɗa kan ƙauyuka. Kisan da aka yi a 'Yar Galadima a watan Afrilun 2014, inda aka hallaka mutum fiye da ɗari a wurin taron 'yan banga da mutanen gari, yana cikin wannan zagaye na jini. Shi ya sa nake ganin kafa rundunar tsaron al'umma ta Katsina da Gwamna Dikko Radda ya yi a watan Oktoban 2023, da Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a watan Janairun 2024, ya fi kiran kowa ya yi ta kansa ma'ana, domin aƙalla akwai suna a rubuce, akwai albashi, akwai shugaban da za a tuhuma idan an yi ɓarna. Ana kai ƙorafi a kansu su ma, kuma wajibi ne a riƙa bincike ana hukunta masu laifi a cikinsu a bainar jama'a.

Za a ce mini buɗe ƙofar lasisi zai ƙara yawan bindigogi a ƙasar da jini ya riga ya yi yawa. Ina girmama wannan tsoro, domin ni ma ina da shi. Amma cibiyar binciken ƙananan makamai da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan 6 a hannun fararen hula a Nijeriya, kuma a watan Janairun wannan shekarar kaɗai jami'an kwastan sun kama dogayen bindigogi 661 a cikin kwantena ɗaya a Legas. Rufe ofishin lasisi bai hana bindiga shigowa ba, abin da ya yi shi ne ya tura mutumin kirki wurin maƙerin ɓoye da dillalin kan iyaka, wato mutanen da ke sayar wa 'yan bindigar daji, ya kuma mai da shi mai laifin da kowane shingen bincike zai iya tatsa. Bindigar da hukuma ta san lambarta, ta san mai ita, ta san adadin harsasan da aka sayar masa, ta fi wadda ba wanda ya san da zamanta sauƙin bibiya ranar da aka yi ɓarna da ita.

Lasisin da nake nufi ba na masu hannu da shuni da 'yan siyasa ba ne kawai. Ya kamata neman ya fara daga mai unguwa da dagaci da hakimi, waɗanda suka san wane ne mai saurin hannu, wane ne mai shaye-shaye, wane ne ya taɓa kai matarsa asibiti da duka, kuma su sa hannu da sanin cewa za a tambaye su idan abin ya ɓaci. A gwada lafiyar ido da ta ƙwaƙwalwa, a tilasta horo na kwanaki a barikin 'yan sanda, a je gidan a ga akwatin ƙarfe mai kwaɗo kafin a miƙa takarda, a ƙayyade harsashi, kuma kada a sayar da sabo sai an dawo da kwanson wanda aka harba an yi bayanin inda ya tafi. Zan ƙara da sharaɗin da na san wasu maza ba za su so ba: a tambayi matan gidan a keɓe ko sun yarda, domin su ne za su kwana da abin a ɗaki, kuma su suka fi kowa sanin halin maigida idan ransa ya ɓaci. Duk wanda aka gani da ita a kasuwa ko wurin biki ko taron siyasa a karɓe ta nan take.

Kwanakin baya wani ɗan'uwana da ke zaune a bakin gari, wanda aka hauro masa sau biyu a damina ɗaya, ya same ni da maganar cewa an yi masa tayin fistol a farashin da bai kai kuɗin tsohon babur ba. Na tambaye shi inda zai ajiye ta, ya yi shiru yana lissafa ɗakunan gidansa da yaransa tara, bai samu wuri ba. Na gaya masa hukuncin da ke kanta, na kuma tambaye shi ko ya san hannun da ta fito da abin da aka taɓa yi da ita kafin ta iso gare shi. Da muka rabu, kuɗin ya tafi ne wajen ƙara tsawon katanga, da sauya ƙofar zaure zuwa ta ƙarfe, da fitila mai aiki da hasken rana, da kason da yake bayarwa duk wata ga masu gadin unguwa, waɗanda yanzu kowane gida a layin yake da lambarsu da usur a rataye. Ya ce mini har yanzu yana son doguwa mai baki biyu idan an buɗe lasisi, na ce masa ranar da aka buɗe ni zan raka shi wurin mai unguwa.